Karan da Habila Ya Daidaita

Ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya bikin Christiana, Habila ya zo wurin gwajin busa da wata baƙar jaka mai zif. Ya ajiye ta a kan benci, ya goge hannu a wando, ya ce daga yau babu wanda zai sake zubar da kara a jihar Bauchi.

Ga wanda bai taɓa riƙe saksafon ba, kara shi ne ɗan siririn itacen gora da ake ɗaurawa a bakin abin busar. Bai wuce tsawon yatsa ba. Gindinsa da kauri, bakinsa kuwa ya fi farce sirantaka, kuma shi ne ke kaɗawa ya ba da murya. In babu shi, saksafon bututun tagulla ne kawai. Ba a sayar da shi a Bauchi, sai an aika Jos.

Mu uku ne masu saksafon a ƙungiyar busa ta majami'armu da ke Fadaman Mada: ni Andrawus, da Zakka mai gyaran fanka, da shi Habila, wanda ya shigo bara, ya iya waƙa huɗu, yake kuma ba da shawara a kan sauran. Muna gwaji ne a tsakar gidan Dorcas, matar marigayi Elisha, wanda ya shugabance mu shekara talatin. Christiana ita ce autarsu. Kwana biyu kafin Elisha ya rasu, ya riƙe hannuna ya ce ranar da yarinyar nan za ta bar gidansa, ni zan busa mata waƙar rakiya daga ƙofar ɗaki zuwa bakin mota, tunda shi ba zai samu ba. Na ce to. Shekaruna saba'in da tara, numfashina ya ragu, kuma kara ɗaya tak ya rage da nake iya kai waƙa ƙarshe da shi. Wata huɗu na yi ina gyara shi.

Habila ya zuge zif ya jera kayansa a kan benci. Akwai wuƙa mai baki ɗaya, da wani ƙarfe kamar abin yanke farce, da faifan gilashi, da samfefa kala uku, da wani ma'auni mai fuska irin ta agogo da allura guda. Akwai kuma ɗan littafi da rubutun da ba wanda ya san ta inda ake fara karanta shi.

"Daga ina?" in ji Zakka.

"Daga waje. Ta waya na yi oda. Sati bakwai tana hanya."

"Ka karanta littafin?"

"Akwai hotuna."

Ya ce ya riga ya kama rumfa a Ƙofar Dumi, kusa da Ya'u wanzami, kuma an gama rubuta allo: ASIBITIN KARA. Masu busa na soja za su zo, na 'yan sanda za su zo, layi zai kai bakin titi.

Na ce, "Habila, saksafon goma sha ɗaya ne a garin nan. Na san su duka. Biyu ba sa aiki, ɗaya an rataye shi ado a bangon wani otal."

"Baba, lissafinka na da ne. Gombe fa? Azare fa?"

"Azare babu ko ɗaya."

"To ai shi ya sa za su zo."

Ya tambaye ni da me nake gyara nawa. Na ce da fasasshiyar kwalba da yawu, kamar yadda aka koya mana a makarantar mishan: ka kankare kaɗan, ka busa, ka ajiye har gobe.

"Kwalba da yawu," in ji shi, yana duban Zakka. "Kuma har gobe."

Zakka mutum ne da ba ya iya cewa a'a ko da fanka ta ƙone aka kawo masa a ce ya mai da ita sabuwa. Ya miƙa karansa guda uku. Habila ya ɗora na farko a kan gilashi ya kankare, Zakka ya busa, sai kukan agwagwa. Habila ya ce ya yi laushi ne, ya datse bakinsa da abin yanke farcen. Zakka ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi, ba sauti. Habila ya ce ya yi tauri ne, ya sake kankarewa. Agwagwa ta dawo. Ya datse. Na ƙirga, sau bakwai aka yi wannan zagaye, kuma kowane zagaye karan yana raguwa.

Kubura maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Christiana, lafiya? Har an fara yanka ne ba a kira mu fige ba?"

"Gyara ake yi," in ji Dorcas.

"Gyaran wa? A ba ta ruwa dai kafin ta cika."

Kafin rana ta faɗi Zakka ya tafi gida da tsinken sakace guda uku a aljihu. Habila ya ce karan ne tsofaffi, kayan aikin ba su saba da tsohon abu ba.

Ranar Alhamis na bi ta Ƙofar Dumi da gangan. Allon yana nan, harafi na ƙarshe ya gangara don wuri bai isa ba. Habila na zaune a ƙasansa yana aiki a kan karansa na kansa, Ya'u wanzami kuwa ya bar wani da rabin kai a aske ya tsaya kallo.

"Injiniya," in ji Ya'u, "yadda ka riƙe wuƙar nan, da kan mutum ne da tuni muna ofishin 'yan sanda."

"Malam Ya'u, wannan ba aski ba ne. Kimiyya ce."

"To kimiyyar ta kusa da babban yatsanka."

Bai rufe baki ba wuƙa ta zame. Ya'u ne ya ɗaure yatsan da tsumma, yana cewa wannan shi ne majiyyaci na farko da asibitin ya karɓa. Habila ya koma zai zauna, ya zauna a kan faifan gilashin, ya fasa shi. Washegari na ji ya zare gilashin tagar matarsa ya maye gurbi, na kuma ji matar ta zo har rumfa ta karɓe abinta a gaban jama'a, ta naɗe shi cikin zani ta hau keke.

Duk wannan bai dame ni ba, domin ina da kara biyar sababbi a cikin kwali, a kabad ɗin Elisha. Ba su yi mini daidai ba tukuna, amma suna nan, kuma da su nake niyyar ba Zakka biyu. Ranar Talata ta biyu na buɗe kabad, ba kwali.

"Ai Habila ya ce kai ka aiko shi," in ji Dorcas.

Sai ga shi ya shigo da kwalin a hannu, yana murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Baba, shekara nawa kamfanin nan yake cutarku? Na auna duka biyar. Tsakiya kauri, gefe siriri. Ko ɗaya babu wanda ya fito daidai."

"Haka ake yin su, Habila. Kaurin tsakiyar shi ne ƙarfin karan."

"Haka suka gaya muku."

Ya goge su sumul daga gefe zuwa gefe. Na ɗaga ɗaya wajen rana, na ga ranar. Na ɗaga na biyu, na ga Dorcas tana dubana ta cikinsa. Na mayar da su kwali ɗaya bayan ɗaya, na rufe, na haɗiye abin da ya zo mini a baki, domin ba na tsakar gidan Elisha ba ne.

Aka yanke shawara a aika Jos. Abdulsalami direba yana zuwa kowace Juma'a, shi aka ba saƙo. Abin da ba mu sani ba shi ne Habila ya tare shi a tasha ya ba shi samfur, wai don kada a yi kuskure. Samfurin kuwa ɗaya ne daga cikin waɗanda ya datse sau bakwai. Mai shago a Jos ya duba girmansa, ya ba da irin na kalanet, ƙaramin abin busa wanda ba mu da shi, ba mu kuma taɓa yin shi ba. Abdulsalami ya iso da la'asar, gobe biki.

"Daidai da wanda aka ba ni," in ji shi. "Har mai shagon ya ce bai taɓa ganin wanda ya sha wahala irinsa ba."

Habila ya juya ƙaramin karan a hannu ya ce ba matsala, da roba za a ɗaure.

Saura nawa ke nan, wanda nake ajiyewa cikin gwangwanin alewar tari a aljihun ƙirji. Habila ya bi ni har bakin ƙofa.

"Baba, awo kawai. Ba zan taɓa shi da wuƙa ba. Ina so in ga sirrin."

Na yarda, amma ni na riƙe gindin karan. Ya ɗora allura a dama, ya ɗora a hagu, ya sake, sai fuskarsa ta yi haske.

"Baba, karan nan a karkace yake. Hagu ya fi dama sirantaka."

"Na sani."

"Minti biyu."

"A'a."

"Minti ɗaya da rabi."

Na mayar da shi gwangwani. Dalilin karkacewar shi ne haƙorana uku na ƙasa a gefen hagu sun fita, leɓena ba ya danna wajen, don haka na rage wa karan nama ta can har ya dace da bakin da ya rage mini. Aikin wata huɗun ke nan. Ban gaya wa Habila ba, don ban ga abin da ya haɗa shi da haƙorana ba.

Ranar Asabar na fito da ƙarfe takwas cikin farin kwat ɗin ƙungiya, karan a bakina. Busasshen kara ba ya waƙa, sai ya jiƙu, shi ya sa mai busa ke tsotsa shi tun daga gida. Mutanen unguwa sun sani, suna gaishe ni ina ɗaga hannu. Gidan Dorcas ya cika da mata da dangin ango da tukwane. Mota tana bakin layi. Na taka daga ƙofar ɗakin amarya zuwa motar na dawo: zuwan kaɗai taku ashirin da uku ne. Waƙar tana isa, in an tafi a hankali.

Sai Dorcas ta ce fasto ya wuce majami'a, kuma ba a fitar da amarya ba addu'a. Ni ne mafi tsufa a gidan.

Ba a addu'a da kara a baki. Na nemi kofi, na zuba ruwa, na sa shi ciki, na ajiye a kan taga. Habila yana can bakin zaure yana ɗaure wa Zakka roba, na tabbatar da idona. Aka fito da Christiana ta durƙusa. Kowa ya rufe ido.

A makarantar da na yi, wanda ya buɗe ido cikin addu'a yana shan bulala shida, mai yin addu'ar kuwa goma sha biyu. Shekara saba'in ban buɗe ba. Na fara da godiya, na ambaci Elisha, na ambaci Dorcas, ina cikin 'yan'uwan amarya sai na ji ƙarar zif.

Na ci gaba. Sai na ji ɗigar ruwa, sannan kar, kar, kar, daga wajen taga.

Na ce, "Ya Ubangiji, ka riƙe hannun mai ɓarna."

"Amin," in ji mata.

"Ka riƙe shi yanzu, a cikin gidan nan."

"Amin."

"Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ka sa ya mayar inda ya same shi."

"Amin," in ji jama'a, kuma muryar da ta fi ƙarfi daga wajen taga ta fito.

Na tsallake kakanni, na tsallake gwamnati, na nufi rufewa. Dorcas ta taɓa gefen wandona.

"Baba, dangin ango," ta ce a hankali.

Dangin ango daga Tafawa Ɓalewa suka zo, mota biyu, kuma an ba ni sunayen manyansu tun jiya. In na bar ɗaya za a yi shekara ana magana. Na jero su da sauri irin na mai kiran lamba a asibiti. Ina kan kawu na huɗu na ji ƙas. Na san ƙarar. Abin yanke farcen ne.

Da aka ce amin na ƙarshe, karan yana cikin kofi kamar ba a taɓa shi ba. Habila na tsaye kusa, hannu a baya.

"Minti ɗaya da rabi, Baba. Yanzu hagu da dama ɗaya ne. Kada ka gode mini, don Elisha na yi."

Ba lokacin magana. An ɗaga amarya, mai ganga ya riga ya ɗaga sanda. Na ɗaura karan. Habila kuwa ya tsallaka gaba ya tsaya a tsakiyar tsakar gida.

"Jama'a, kafin Baba ya fara, ku sani duk karan da za ku ji yau daga Asibitin Kara ya fito, Ƙofar Dumi, kusa da wanzami. Ni zan buɗe."

Abokan ango suka ɗaga wayoyi. Habila ya cika kumatu ya busa. Abin da ya fito ya yi kama da ƙofar ƙarfe da aka shekara ba a buɗe ba. Wani jariri ya farka. Habila ya yi wa Zakka alama ya shigo, Zakka ya busa, robar ta tsinke, ƙaramin karan ya tashi ya faɗa cikin tukunyar miya.

"Wannan kuma wa za a zuba wa?" in ji mai rabon abinci.

Habila ya sake busawa da dukan ƙarfinsa. Karansa ya tsage gida biyu ya kama masa leɓen ƙasa. Ya ja, bai saki ba. Ya tsaya a karkace da saksafon rataye a leɓe, yana magana ba a fahimta.

"Me yake cewa?" in ji wata gwaggon ango.

"Adireshin asibitin yake maimaitawa," in ji Kubura daga kan katanga.

Zakka ne ya ɓamɓare shi. Wani daga abokan ango ya roƙi a sake, wai wayarsa ba ta ɗauka daga farko ba.

Dorcas ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Baba Andrawus, yarinya tana jira."

Na tsaya gefen Christiana na busa. Sauti ya fito, siriri, da iska tana tsiyaya ta hagu, amma waƙar ce, kuma duk wanda ya san Elisha ya gane ta. Gidan ya yi tsit. Muka taka. Ina danna leɓe ta dama ina neman abin da zan toshe hagu da shi, ƙirjina yana zafi. Taku biyar, shida. A na takwas sautin ya fara rawa. A na tara ya ɗauke, sai iska kawai ke wucewa cikin tagulla.

Christiana ta tsaya. Ba ta ɗaga mayafi ba, ba ta juyo ba, ta tsaya tana jira in ci gaba. Na sake gwadawa sau biyu.

Sai Dorcas ta ɗauki waƙar da baki daga inda na tsaya. Muryarta ba ta da daɗi, ba ta taɓa yi ba, Elisha ma yakan roƙe ta ta tsaya ga tafa hannu kawai. Mata suka bi ta. Na taka sauran sha huɗun da saksafon a baki, yatsuna suna danna maɓallai daidai inda ya kamata, ba abin da ke fita. A bakin mota Christiana ta kama hannun rigata ta ce, "Baba, sannu." Aka rufe ƙofa.

Dorcas ta juyo ta sami Habila yana dafe da leɓe.

"Mama, da an ƙara mini minti biyar..."

"Habila, akwai gayyata biyu yau, majami'a da cin abinci. Na janye duka biyun."

"Ai ni ɗan ƙungiya ne."

"Ƙungiyar mijina ce. Ajiye kwat ɗin a kan benci."

Motoci suka tashi, masu ganga suka bi a keke. Aka ce in shiga gaban mota ta biyu, na ce zan zo daga baya. Layin ya rage daga ni sai Habila cikin singileti, da jakarsa a hammata. Na zauna a kan dakali na kwance karan, na share shi, na sa a gwangwani.

Ya matso ya tsuguna a gabana.

"Baba, tsakani da Allah, karan ya daidaita. Na auna sau uku." Ya ɗan leƙa fuskata ta ƙasa, ya karkata kai. "Ka ga matsalar. Ai bakinka ne a karkace."

Na mayar da gwangwanin aljihu. Ya zuge zif, ya fara tona jakar yana ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, yana dubansu yana duban haɓata.

Na rufe bakina, na ɗauki saksafon, na tafi gida a ƙasa. Mutum shida suka gaishe ni a hanya, na ɗaga musu hannu.